Daga Bariki Zuwa Makaranta: Tarihin Wata Kwalejin Jama'a a Bakin Iyakar Amurka da Meksiko



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne tarihin wata makaranta guda ɗaya da ke can ƙurewar kudancin Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, a wani gari da ake kira Brownsville, daidai inda kogin Rio Grande yake gab da faɗawa teku. Sunan makarantar Texas Southmost College, watau Kwalejin Ƙarshen Kudancin Teksas. Ba ta cikin manyan jami'o'in da sunansu ya game duniya, watakila ma da yawa daga cikinku ba su taɓa jin labarinta ba. Na zaɓe ta ne domin tun daga kafuwarta a 1926 ake ta maimaita mata tambaya ɗaya: shin makarantar da ke bakin iyaka ta wa ce? Ta mutanen garin da suka gina ta ce, ko ta babbar jami'ar jiha, ko kuwa ta gwamnatin tarayya mai tsaron iyaka? Amsar da aka bayar a kowane zamani ita ce ta nuna wanda zai sami shiga aji da wanda zai tsaya a waje.

Mece ce Kwalejin Jama'a?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san irin makarantar da muke zance. A farkon ƙarni na 20 wasu masana ilmi na Amurka, musamman William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, suka ga cewa shekara biyun farko na karatun digiri ba lalle ne a yi su a cikin jami'a ba, ana iya yin su a garin ɗalibi, kusa da gidan iyayensa. Da wannan shawara aka buɗe ƙaramar kwaleji ta garin Joliet a Jihar Illinois a 1901, wadda ake lissafawa ita ce mafi daɗewa cikin irinta na gwamnati. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya yaɗa sunan da ake kiransu da shi yanzu, watau kwalejin jama'a.

Abu uku ne suka bambanta ta da jami'a. Na farko, ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, ba a tankaɗe da rairaya. Na biyu, karatunta na shekara biyu ne: wani ya koyi sana'a kamar aikin jinya ko walda ko gyaran mota ya kama aiki, wani kuma ya ɗauki sakamakonsa ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Na uku, a jihohi irin su Teksas, wani kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da ita yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na mutanen yankin, kuma su ne ke zaɓen 'yan kwamitin amintattu masu riƙon ta. Ku riƙe wannan na ukun, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Ƙasar da Mutanenta

Kafin a yi iyaka, gaɓa biyun kogin Rio Grande ƙasa ɗaya ce. Masu jin Sifaniyanci sun zauna a wurin tun tsakiyar ƙarni na 18, suna kiwon shanu da tumaki a wannan ƙetare da wancan. A 1836 Teksas ta ɓalle daga Meksiko, a 1845 kuma Amurka ta haɗe ta da ƙasarta. Sai gardama ta tashi: Meksiko ta ce iyakar Teksas kogin Nueces ne, can arewa, Amurka ta ce a'a, Rio Grande ne. A 1846 Janar Zachary Taylor ya kawo soja ya gina sansani na ƙasa a bakin kogin, yana fuskantar birnin Matamoros. Sojan Meksiko suka yi wa sansanin ruwan igwa a watan Mayu, Manjo Jacob Brown mai riƙe da shi ya mutu, aka sa wa barikin sunansa, watau Fort Brown. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta ƙare yaƙin, ta mai da kogin iyaka, a shekarar nan kuma aka kafa garin Brownsville a gindin barikin.

Ta haka aka wayi gari dangi ɗaya sun zama 'yan ƙasa biyu. Duk wanda ya san tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ba ya bukatar dogon bayani game da irin wannan zama. Har yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Brownsville asalinsu masu jin Sifaniyanci ne. Ƙidayar 2020 ta nuna garin yana da mutum sama da 186,000, Matamoros kuwa da ke ƙetare ta haura rabin miliyan.

Da jirgin ƙasa ya iso a 1904, sai manoma masu jari daga arewa suka kwararo, suka sayi filaye, suka haƙa magudanan ban ruwa, suka shiga noman auduga da kayan lambu da lemo. Da yawa daga cikin masu ƙasar na asali suka koma 'yan ƙwadago a gonakin kakanninsu. A 1915 da 1916 aka yi tarzoma a kwarin, 'yan dokan jihar da 'yan banga suka kashe ɗaruruwan mutane 'yan asalin Meksiko ba tare da shari'a ba. A 1918 kuma jihar ta yi doka cewa da Ingilishi kaɗai za a koyar a makarantun gwamnati. A garuruwa da yawa makarantar 'ya'yan masu gona daban, ta 'ya'yan 'yan ƙwadago daban.

Kafuwar Kwalejin

A cikin wannan hali ne hukumar makarantun Brownsville ta buɗe ƙaramar kwaleji a 1926, da sunan Ƙaramar Kwalejin Kwarin Rio Grande na Ƙasa. Ba ta da gini nata na kanta, a makarantar sakandaren garin ta raɓa, ɗalibanta na farko kuma ba su kai 100 ba. Dalilin kafa ta a fili yake. Jami'ar jihar, wadda aka buɗe a 1883, tana Austin, kimanin mil 350 daga Brownsville, tafiyar da sai ɗan mai hali. Garin Edinburg da ke cikin kwarin shi ma ya buɗe tasa a 1927 saboda wannan dalili. A 1931 aka sake wa ta Brownsville suna, ta zama Ƙaramar Kwalejin Brownsville.

Kada mu ɗauka cewa daga buɗe ta kowa ya amfana. Ƙofa a buɗe take ga wanda ya gama sakandare, amma a wancan zamani kaɗan ne daga 'ya'yan talakawan kwarin suke kaiwa nan, domin aikin gona yakan janye su tun suna firamare. Duk da haka, waɗanda suka samu suka kutsa sun nuna abin da aka daɗe ana asara. Misali mafi kyau shi ne Américo Paredes, wanda aka haifa a Brownsville a 1915, ya gama wannan kwaleji a 1936. Ya yi aikin jarida, ya yi soja, daga baya ya sami digirin dakta a Jami'ar Teksas da ke Austin a 1956, a 1958 kuma ya fitar da littafinsa With His Pistol in His Hand.

Wannan littafi ya shafe mu, mu masu nazarin adabin baka. Nazari ne na wata waƙar baka ta mutanen iyaka, irin wadda suke kira korido, mai ba da labarin wani manomi Gregorio Cortez. A 1901 shugaban 'yan dokan wata gunduma ya zo wurin Cortez yana binciken satar doki, da tafinta wanda bai ƙware da Sifaniyanci ba. Aka tambaye shi ko ya yi musayar doki, ya ce a'a, domin abin da ya yi musaya da shi goɗiya ce, harshensa kuwa, kamar Hausa, ya bambanta doki da goɗiya. Aka ɗauka ƙarya ya yi, rigima ta kaure, aka harbi ɗan'uwansa, shi kuma ya harbe ɗan dokan ya gudu. Littattafan tarihin jihar sun san shi a matsayin mai laifi, mawaƙan iyaka kuwa sun san shi a matsayin mutumin da ya kare kansa. Paredes ya ɗauki waƙar da ya ji tun yana yaro ya mai da ita hujjar tarihi a zauren jami'a. Matakin farko na wannan tafiya, ƙaramar kwalejin garinsu ce.

Shiga Bariki

Barikin Fort Brown ya yi kusan shekara 100 yana aikin soja, ya kuma tara tarihi mai daɗi da marar daɗi. A nan ne likitan soja William Gorgas ya yi aiki a 1882, ya kamu da zazzaɓin shawara ya warke, daga baya ya zama wanda ya yaƙi cutar a wurin haƙar mashigin ruwa na Panama. A nan ne kuma a 1906 aka zargi sojoji baƙar fata da harbi a cikin gari, Shugaba Theodore Roosevelt ya kori mutum 167 ba tare da shari'a ba, sai a 1972 gwamnati ta wanke su.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu soja suka bar barikin, a daidai lokacin da dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji ta cika makarantu da samari masu neman ilmi da kuɗin gwamnati. A 1948 kwalejin ta tare a barikin. Tsohon asibitin soja ya zama ofishin shugabanninta, aka sa masa sunan Gorgas, ɗakunan kwanan soja suka zama azuzuwa. A 1949 ta karɓi sunan da take da shi yanzu, aka kuma yanka mata yankin haraji nata na kanta, da amintattu waɗanda jama'a ke zaɓa. Wannan ita ce amsa ta farko ga tambayarmu: makarantar ta mutanen gari ce, su ke biya, su ke zaɓe. Wurin da aka gina domin a auna igwa a kan Matamoros ya zama wurin karatun jikokin mutanen gaɓa biyun.

Haɗewa da Jami'a

To, amma karatun shekara biyu yana da iyaka. Wanda ke son digiri dole ya bar gida, mafi yawan mutanen kwarin kuwa ba su da halin haka. A 1973 Jami'ar Pan American ta Edinburg, watau waccan ƙaramar kwaleji ta 1927 da ta girma, ta fara koyar da darussan shekara ta uku da ta huɗu a harabar Brownsville. Wannan ya rage zafi, bai warkar da ciwo ba.

A 1986 aka naɗa Juliet García shugabar kwalejin. 'Yar garin ce, ta yi digirin dakta a Austin, ita ce kuma mace ta farko 'yar asalin Meksiko da ta shugabanci kwaleji ko jami'a a Amurka. A zamaninta mutanen gari suka tara gudummawar dala miliyan 1, gwamnatin tarayya ta ɗora miliyan 2, aka kafa asusun da ke saka wa yaran sakandare masu ƙoƙari da kuɗin karatu a kwalejin. A 1987 kuma ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Meksiko suka kai jihar ƙara, suna cewa yankin iyaka yana da kashi 20 cikin 100 na mutanen Teksas, amma kimanin kashi 10 kawai yake samu daga kuɗin ilmi mai zurfi. A 1992 wani alƙali a Brownsville ya ba su gaskiya, a 1993 Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin. Sun faɗi a kotu, amma ƙarar ta riga ta farkar da majalisar jihar, wadda ta shiga zuba kuɗi a makarantun kudu.

Cikin wannan guguwa ne aka kafa Jami'ar Teksas ta Brownsville a 1991, aka ƙulla mata wani irin zama da kwalejin wanda ba a saba gani ba. Kwaleji ta kawo fili da gine-gine da harajin gari, jami'a ta karɓi koyarwa da ma'aikata, tana biyan hayar gine-ginen, shugaba ɗaya ke riƙe da duka biyun, watau García. Ɗalibi ya shiga ta buɗaɗɗiyar ƙofar kwaleji, ya fita da digirin jami'a ba tare da ya sauya makaranta ba. Daga baya aka tsawaita yarjejeniyar zuwa shekara 99. Yawan ɗalibai ya ninka, sababbin gine-gine suka tashi, dubban gidaje suka sami ɗan digiri na farko a zuriyarsu. Amsa ta biyu ke nan: makarantar ta gari ce da jiha a haɗe.

Rikicin Shinge

A 2006 majalisar dokokin tarayya ta yi dokar gina shinge na kimanin mil 700 a iyakar Meksiko. Da taswira ta fito, sai aka ga katangar ƙarfe mai tsawon ƙafa 18 za ta bi ta kan jingar da ke tare ambaliyar kogi, ta yanke kimanin eka 180 na filin makarantar ta bar su a wancan gefe, har da filin wasan golf da kufan sansanin 1846. García ta ƙi sa hannu a takardar da za ta ba ma'aunan gwamnati izinin shiga. Hujjarta ita ce, makaranta mai ɗalibai da ke ƙetaro gada kowace safiya daga Matamoros, wadda aikinta haɗa gaɓa biyu ne, bai dace a ratsa ta da katanga ba. A farkon 2008 gwamnatin tarayya ta kai makarantar kotu.

A watan Yuli na shekarar aka sasanta. Gwamnati ta janye katangarta a wannan yanki, makaranta kuma ta yarda ta ɗaga nata shingen zuwa ƙafa 10, ta sa masa na'urorin tsaro. Ɗalibai da mutanen gari suka dasa furanni masu yaɗo a gindinsa. Adalci ne mu faɗi cewa tsoron da gwamnati ta ambata ba na banza ba ne. A 2009 harsasai daga ƙetaren kogi sun faɗo cikin harabar, a watan Nuwamba na 2010 kuma sai da aka rufe makarantar saboda musayar wuta tsakanin sojan Meksiko da masu fataucin miyagun ƙwayoyi a Matamoros. Amma abin lura a nan shi ne, talakawa masu ƙananan filaye a bakin kogin da yawa sun rasa filayensu, makarantar kuwa ta sami a saurare ta, domin tana da jama'a a bayanta da lauyoyi a gabanta.

Rabuwa

Abin mamaki, makarantar da ta tsira daga katangar waje sai ta tsage daga ciki. Tun da daɗewa wasu mutanen gari suna gunaguni cewa jami'a ta haɗiye kwaleji. Kuɗin makaranta ya hau ya zarce na sauran kwalejojin jama'a na jihar, hankalin shugabanni ya karkata ga bincike da manyan digirori, koyon sana'a ya koma baya, alhali kuwa harajin gari ne ke biyan bashin gine-gine. Ga kuma kuɗin haya kimanin dala miliyan 10 da amintattun kwaleji suka ce suna bin jami'a. Masu goyon bayan haɗewa suka ce ai haɗewar ce ta fitar da garin daga duhu, rabuwa kuwa za ta sa a riƙa biyan shugabanni biyu da ofisoshi biyu. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

A watan Nuwamba na 2010 hukumar jami'o'in Teksas ta yanke shawarar kawo ƙarshen zaman. A watan Fabrairu na 2011 amintattun kwaleji su 7 suka jefa ƙuri'a, 4 suka zaɓi tsayawa da ƙafafunsu, 3 suka ƙi. Yarjejeniyar shekara 99 ba ta cika 25 ba. An ji jiki: ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aiki, aka shiga rabon gine-gine da littattafai kamar rabon gado. A 2013 kwalejin ta sake buɗe azuzuwanta da malamanta, ta rage kuɗin makaranta, a 2015 kuma rabuwa ta kammala. A wannan shekara Jami'ar Brownsville ta narke tare da ta Edinburg suka zama Jami'ar Teksas ta Kwarin Rio Grande, wadda ta buɗe makarantar koyon likita a 2016, abin da kwarin ya daɗe yana nema. Amsa ta uku ta koma inda ta farko take. Mutanen gari suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kammalawa

Jama'a, me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Ni a ganina, makarantar bakin iyaka tana fama da nisa iri biyu. Tana nesa da babban birni, saboda haka akan manta da ita wajen rabon arziki, kamar yadda ƙarar 1987 ta nuna. Idan kuma aka tuna da ita, sau da yawa ta fuskar tsaro ne, kamar yadda rikicin 2008 ya nuna. Abin da ya riƙe Kwalejin Brownsville tsakanin waɗannan biyu shi ne tana da masu ita a kusa, waɗanda ke biyan harajinta, suna iya tsayar da amintattunta da ƙuri'a, suna kuma iya kayar da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma kada mu zarce gona da iri. Harajin matalauta kaɗan ne, kwarin kuwa yana cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka. Ba domin kuɗin jiha da sunan jami'a ba, da ba a sami digirorin shekarun 1990 ba, balle makarantar likita. Haka kuma akwai ƙofofin da makullinsu ba ya hannun gari. A 2001 Teksas ta yi doka cewa yaron da ya zauna shekara 3 a jihar ya gama sakandare a can, zai biya kuɗin makaranta irin na ɗan jiha ko da ba shi da takardar zama ƙasa. A watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta soke wannan doka. Yaran da abin ya shafa, da yawansu a garuruwan iyaka suka tashi, hukuncin kuwa daga nesa ya zo musu, babu amintaccen da ya jefa ƙuri'a a kai.

Saboda haka, duk mai niyyar kafa makaranta a bakin iyaka, ko haɗa ƙarama da babba, ya kamata ya yi tambaya uku tun kafin a aza tubali: wa zai biya, wa zai yanke shawara, wane ne kuma ɗalibin da aka gina ta dominsa. In aka bar na ukun ya ɓace a tsakanin na farko da na biyu, to gine-gine za su yi kyau, amma ɗan mai tsinkar auduga zai tsaya a bakin ƙofa kamar yadda kakansa ya tsaya a 1926.